Gobarar Dajin Yellowstone ta 1988

Mu da muka taso a Arewa kafin neman abinci ya kawo mu nan, mun san wutar daji da hunturu. To, bari mu ba da labarin wata wadda ta gagari gwamnatin Amurka.

Yellowstone gandun daji ne da Amurka ta keɓe tun 1872, yawancinsa a jihar Wyoming. Shekara da shekaru duk wutar da ta tashi a ciki kashe ta ake yi. A 1972 hukumar gandun ta sauya shawara: wutar da tsawa ta kunna a bar ta ta ci, muddin ba ta doshi mutane ko gini ba. Yawanci da kanta take mutuwa, ba a jin labarinta.

Sai ga 1988. Ruwa ya ɗauke, daji ya bushe ƙayau, iska ta taso. Wasu wutar tsawa ta kunna su, wasu kuwa mutane ne. Ɗaya daga cikin mafi girma, guntun sigari ne wani mai saran itace ya yar. A watan Yuli hukuma ta ce a kashe kowace wuta, amma ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 20 ga Agusta kaɗai wuta ta cinye fiye da eka 150,000. Iska na ɗaukar garwashi ta tsallake kogi da hanya, ta kunna wata a gaba.

Mutum kusan 25,000 suka yi aikin, har da sojoji, da jirage masu zubo ruwa, aka kashe dala miliyan 120. Da suka ga dajin ya fi ƙarfinsu, sai suka koma tsaron rayuka da gine-gine: a share ciyawa da itace a kewayensu, a jiƙa rufi. Da haka tsohon masaukin baƙi na Old Faithful ya tsira ranar 7 ga Satumba. Wutar kuwa ba ta lafa ba sai da ruwa da ƙanƙara suka sauka ranar 11 ga Satumba. Kusan eka 800,000 suka ƙone, wato sama da kashi ɗaya cikin uku na gandun.

Mutane sun ɗauka dajin ya tafi ke nan. Ashe akwai wata bishiya a can da wasu ’ya’yanta ba sa buɗewa sai sun sha zafin wuta. Cikin ’yan shekaru sabon tsiro ya rufe toka.

Daji yana da irin da zai mayar masa da abin da ya rasa. Rumfa da shago fa ba su da shi. Abin da mutanen nan suka iya ceto shi ne wanda suka share kewayensa kafin wuta ta iso. Hunturu ya ƙarato, jama’a. Mu dubi kwalaye da jarkokin fetur da ke jibge a lungunanmu tun yanzu.