Yadda Aka Gano Saƙon da Ke Cikin Bangon Tsiro

Duk manomin rani a filayen Bakolori, waɗanda suka shimfiɗu tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura tun da aka kammala madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ya san cewa tumatirin da ya ƙuje cikin kwando shi ke riga 'yan'uwansa nuna da laushi, amma sababin wannan al'amari bai bayyana ga ma'abota ilmi ba sai bayan dogon bahasi.

Tun a 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis suka lura cewa daga kan tsiro ake aika umarnin karkata zuwa ga haske, kuma a 1926 Frits Went na ƙasar Holan ya tatso sinadarin da ke ɗauke da umarnin, wanda aka sa wa suna oksin. Daga nan malamai suka duƙufa a kan ire-irensa, alhali bangon da ya kewaye kowace ƙwayar halittar tsiro, wanda Allah Ya gina da dogayen sarƙoƙin sukari, sun ɗauke shi tamkar ganuwar birni, mai tsaro kawai, marar magana.

Wanda ya warware wannan zato shi ne Peter Albersheim na Jami'ar Kolorado a Amurka, domin shi da almajiransa, a shekarun 1970, sun tabbatar cewa idan ɓarɓashin bangon wata cuta ya taɓa waken soya, nan take waken zai haɗa gubar kare kansa. Sa'an nan, abin da ya fi ban mamaki, aka gano cewa gutsattsarin bangon tsiron kansa, musamman na fektin, wato danƙon da ke manne ƙwayoyin da juna, su ma suna isar da wannan gargaɗi idan rauni ko cuta ta farfasa su. A 1984 Albersheim da abokan aikinsa suka nuna cewa wani guntu mai ƙwayoyin sukari tara, ko da miƙdarinsa ƙanƙane ne ainun, yana rage tsawon da oksin ke sa karan wani nau'in wake ya yi. Suka kira waɗannan gutsattsari oligosakarin, kuma a 1985 Albersheim da Alan Darvill suka kafa cibiyar nazarinsu a Jami'ar Jojiya.

To, a cikin tumatir, narkewar fektin ce ke kawo laushi, kuma gutsattsarinsa na daga cikin abin da ke zuga ɗan itacen ya fitar da iskar etilin mai gaggauta nuna, har ta shafi na kusa da shi. A ganina wannan ilmi ya cancanci ya fito daga littafi ya isa gona. Saboda haka ina roƙon malaman gona na yankin Bakolori su bayyana wa manoma hujjar tsinka a hankali da ware ƙujajjen tumatir tun kafin a ɗaure kwando.