Hawan Sallah a Daura

Hawan Sallah a Daura biki ne na hawan dawaki da Masarautar Daura, a jihar Katsina ta Najeriya, ke yi a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Sarkin Daura kan fito tare da hakimansa na ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Shahararre a cikin hawan shi ne Hawan Magajiya, wanda sunansa ke tuna sarauniyoyin da suka mulki Daura a da.

Wuraren kallo

Jama'a sun fi cika a filin ƙofar fada, domin nan ne mahaya ke sukuwa su yi wa sarki jahi. Sai dai wurin kan cika tun kafin hawa, rumfuna kuma na manyan baƙi ne. Shi ya sa masu zuwa daga garuruwa irin su Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure, kan yi sammako. Wanda ya makara gara ya tsaya a bakin hanyar da ayarin zai bi, inda ake ganin adon dawaki sosai, cunkoso kuma da sauƙi.

'Yan bindiga kan riƙa harba bindigogin gargajiya masu albarushi sama. Ƙarar kan firgita dawaki, don haka masu ƙananan yara kan nisanci gaban layi. Dogarai ne ke mayar da 'yan kallo baya.

A shekarar 2020 ba a yi hawan ba saboda annobar korona.