Alkama, Dam ɗin Tiga da Ruwan da Ba a Sa a Lissafi Ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau tarihin alkama zan taɓo. Duk lokacin da ake maganar dokokin cinikin duniya da kare muhalli, mu matasa sai mu ɗauka zance ne na masu kwat a Janiba. Alhali mu 'yan Zurgu da Rano da Kibiya, abin a bayan gidanmu ya faru.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Bature ana nomanta a fadamu, ana ban ruwa da jigo, a yi alkaki da finkaso da taliya. Amma kaɗan ake nomawa, abincin biki ce da gidan masu hali. Burodi ne ya sauya lissafin. A 1962 aka buɗe babban injin fulawa a Apapa, yana niƙa alkamar da jirgin ruwa ya kawo, galibi daga Amurka. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970, shayi da burodi ya zama karin kumallon ma'aikaci da ɗan makaranta, kuɗin ƙasa kuma suka riƙa tafiya waje.

Gwamnati ta ce to, mu noma tamu. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano, aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, aka ja magudanan ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Haka aka yi a Bakolori da kudancin Tafkin Chadi, kuma alkama na cikin manyan dalilan kashe waɗannan maƙudan kuɗi. Sai dai alkama 'yar sanyi ce. In ba ka shuka ta da farkon hunturu ba, zafin Maris zai riske ta kafin ta cika ido. Wadda ake nomawa a nan ta fi ta jirgi tsada, manoma da yawa kuma sun gwammace tumatir. Wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun yi littafi a kan haka a 1985, suka sa masa suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama.

A farkon 1987 gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama kwata-kwata. Abin mamaki, a daidai lokacin ne ake shirin SAP, wanda karatunsa shi ne a buɗe kasuwa. Farashi ya yi sama, noman alkama ya zama harkar kuɗi. Masu hannu da shuni suka faɗa fadamun Haɗeja, aka sare itatuwa, aka kafa injinan ban ruwa a wuraren da Fulani ke kiwon rani tun kaka da kakanni. Ta ɗaya gefen kuma fulawar fasa-ƙwauri tana ta shigowa ta Kwatano da iyakar Nijar. Amurka, da ta rasa babbar kasuwa, ta yi ta matsin lamba, masu injinan fulawa ma suna kuka. A ƙarshen 1992 aka ɗage haramcin. Alkamar waje ta dawo, waɗanda suka shigo don riba suka tattara nasu ya nasu, suka bar filayen a share.

To ina ruwan muhalli a nan? Ruwan da aka tare a Tiga ai da yana da masu shi. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja, ya gangara har dausayin Haɗeja da Nguru. A da, duk damina kogin yakan cika ya malale faɗin ƙasa. Wannan ambaliya ita ce arzikin mutanen can: shinkafa a cikin ruwa, kifi, ciyawar shanu idan ya janye, da ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyi har cikin Yobe. Da aka tare Tiga, sannan aka ƙara Dam ɗin Challawa a 1992, malalar ta ragu ƙwarai. Gaskiya farin shekarun 1970 da na 1980 ma yana da nasa kason laifin, ba dam kaɗai ba ne. Amma akwai ɓarnar da ba za a ɗora wa fari ba. Kogin da a da yake ƙafewa da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Masana tattalin arziki irin su Edward Barbier sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka gano cewa ruwan da aka bari ya malale dausayin ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka karkatar zuwa aikin Kogin Kano. Na san wannan magana ba ta yi wa ɗan yankinmu daɗi. Tiga ta rufa wa dubban gidaje asiri, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ba ƙarya ba ne. Amma shi ma masuncin Nguru ɗan ƙasa ne, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Abin da nake so mu lura da shi ke nan. Lokacin da aka rufe ƙofa, buhunan alkama da dalar da za a adana aka ƙirga. Lokacin da aka buɗe, farashin burodi da fushin Amurka aka duba. Duk sau biyun, ruwa bai shiga lissafi ba.

Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ranar da aka kafa ta, 1 ga Janairun 1995, kuma tun 2021 'yar ƙasarmu Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabantarta. Dokokinta ba sa son haramci irin na 1987, amma sashe na 20 na yarjejeniyar GATT ya bar wa ƙasa damar taƙaita ciniki don kare lafiya ko albarkatun ƙasa masu ƙarewa. Manyan ƙasashe sun iya kare kansu. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga wakenmu saboda maganin ƙwari da ya wuce ƙima, kuma ni ban ga laifinta ba, don waken da suka ƙi mu ne muke cinye shi. Bambancin shi ne su suna zuwa da awo da takarda. Mu namu haramcin daga sanarwa yake farawa, a sanarwa yake ƙarewa.

Har gobe fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya tada farashi a 2022, gwamnatin tarayya ta sake ƙaddamar da noman alkama na rani a ƙarshen 2023. A Jigawa aka yi bikin, a yankin da ke shan ruwan Kogin Haɗeja, kuma bakin famfon wannan ruwa yana nan Tiga.