Tarihin Adana Bayanan Kayan Lantarki a Kwamfuta a Birnin Kano

Adana bayanan kayan lantarki a kwamfuta hanya ce da kamfanonin wuta ke bi don sanin kowace taransfoma, falwaya, waya da mita da ke hannunsu: inda take, ƙarfinta, shekarar da aka kafa ta, gyaran da aka taɓa yi mata, da layin da ke ba ta wuta. Tsarin ya yi kama da salsalar gida. Ana iya kama mitar wani tela a Jakara a bi ta zuwa taransfomar unguwa, daga nan a hau layi mai kilobolt 11, a wuce mai 33, a ratsa tasha irin ta Ɗan Agundi mai 132, har a tuƙe ga babbar tashar Kumbotso da ke karɓar kilobolt 330.

Zamanin rajista

Wutar lantarki ta shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta kafa aikin ruwan famfo da injin wuta a Challawa. Kayan aikin kaɗan ne, ana rubuta su a rajista, ana zana layuka a taswirar takarda. Dokar 1950 ta kafa hukumar ECN wadda ta tattara harkar wutar ƙasa a hannu ɗaya. An kammala madatsar Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA.

Birnin ya yi ta faɗaɗa, amma rajista ta kasa bin sawunsa. Ilimin layuka ya koma kan tsofaffin ma'aikata: su suka san wace waya ta ratsa wane lungu, wace taransfoma ke yawan ƙona fis idan zafi ya kankama. Ma'aikaci ya yi ritaya, ya tafi da abin da ya sani.

Asalin dabarar

A shekarun 1960 kamfanonin wuta a Amurka da Turai suka fara lura da tashoshinsu daga ɗaki guda ta hanyar tsarin SCADA, wanda ke kawo ma'aunin wuta daga nesa, ya kuma ba da damar buɗe makunni ko rufe shi ba tare da an je wurin ba. Sai wata matsala ta ɓullo: na'urar kowane kamfani da irin yarenta. Kamfanin Modicon ya fitar da Modbus a 1979 don na'urori su riƙa fahimtar juna. Daga baya hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fitar da IEC 61850 a farkon shekarun 2000 don na'urorin cikin tasha, da IEC 61970 wanda ya tsara yadda za a siffanta layuka da alaƙarsu. A 2014 aka fitar da ISO 55000 kan kula da kadara tun daga saye har zuwa yar da ita.

Amfanin duk wannan shi ne a daina jiran abu ya lalace. Idan an san nauyin da taransfoma ke ɗauka, da zafinta, da sakamakon gwajin man da ke cikinta, ana iya rage mata kaya ko a gyara ta kafin ta ƙone.

Daga NEPA zuwa KEDCO

Dokar gyaran harkar wuta ta 2005 ta maye gurbin NEPA da PHCN, ta kuma kafa hukumar NERC mai sa ido. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. KEDCO ya ɗauki Kano da Katsina da Jigawa, manyan layuka kuma suka zauna a hannun TCN na gwamnati. Wanda ya sayi kamfani dole ya san abin da ya saya, don haka aka shiga ƙidayar masu amfani da wuta, ana ɗaukar matsayin gidaje da falwayu da na'urar tauraron ɗan'adam, ana ba taransfomomi lamba.

Abin da ya ƙara wa aikin nauyi shi ne kuɗi. A 2018 NERC ta fito da tsarin MAP na samar da mita, a 2020 gwamnatin tarayya ta fara rabon mita na NMMP. A shekarar ce kuma aka ƙayyade bil ɗin ƙiyasi, aka raba layuka rukuni biyar: A mai samun wuta awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 aka kai farashin rukunin A naira 225 kan kowane yunit. Tun daga rabon rukunan na 2020, layin da kwamfuta ta ce gida yana kai shi ke yanke abin da maigida zai biya.

Mutanen gari sun taɓa wannan tsari da hannunsu a 2024. Lambobi 20 da ake dannawa a mitar kati suna ɗauke da ƙidayar mintuna da ta fara daga 1993, wadda ta cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Sai da masu mita suka karɓi lambobin sabuntawa guda biyu suka danna, kafin mitocinsu su ci gaba da karɓar sabon kati.

A cikin ganuwa

Tsofaffin unguwanni irin Jakara, da ke maƙwabtaka da Kasuwar Kurmi, su ne wurin da wannan aiki ya fi wuya. Lungunan sun matse, mota ba ta shiga wasu, gidaje da yawa ba su da lamba, ana kwatanta su ne da sunan mai gida ko masallacin da ke kusa. Gidan gado ɗaya kan ƙunshi sassa da dama, mita ɗaya ko babu. Zaure kan zama shago, a sa injin markaɗe ko na walda, nauyin layi ya ƙaru ba a rubuta ko'ina ba.

Idan taransfoma ta ƙone, 'yan unguwa kan yi karo-karo a kai ta gyara, ko wani ɗan siyasa ya kawo sabuwa. Kafin nan, mai gaggawa ya ja waya daga taransfomar maƙwabta. Kowane irin wannan sauyi, matuƙar bai shiga kwamfuta ba, yana mayar da bayanan ofis tsohon labari. Injiniya zai ga taransfomar da aka rubuta mata gidaje daidai ƙarfinta, alhali a fili ta ɗauki fiye da haka.

Halin da ake ciki

Cibiyar da ke kula da layukan ƙasa baki ɗaya tana Osogbo, kuma rashin cikakken SCADA na cikin dalilan da ake ambata kan yawan durƙushewar wutar ƙasa. Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 486 a 2018 don manyan layuka, da wani na dala miliyan 500 a 2021 don kamfanonin rarrabawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, abin da ke buƙatar kowace jiha ta san kayan da ke cikin iyakarta.

Sayen kwamfuta da manhaja shi ne ɓangare mai sauƙi. Ingancin tsarin ya rataya ne a kan ma'aikacin da ya hau falwaya ya sauya waya, ya kuma rubuta sauyin a ranar da ya yi shi.