Mazan Jiya da Godiyar Farar Hula: Darasi daga Gana

Hausawa kan kira tsohon soja da suna "ɗan mazan jiya". Wannan lakabi na girmamawa ne, amma ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "jiya" da ke cikinsa, domin abin da aka jingina wa jiya yana da saurin fita daga zukatan mutane. Wannan takarda za ta duba yadda hakan ta faru a Gana, wadda a zamanin Turawa ake kira Gwalkwas, da yadda jama'a suka gyara daga baya.

Tun a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Turawan Ingila suka yi amfani da sojojin Hausawa a wannan ƙasa. Daga nan Hausa ta zama harshen bariki a rundunar Afirka ta Yamma, kuma ta wannan hanya ce kalmomi irin su soja da saja da kofur da farabiti da fareti suka zauna a bakinmu.

A Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban samari daga Gwalkwas da Nijeriya da Saliyo da Gambiya zuwa Bama, a runduna ta 81 da ta 82, inda suka gwabza da Japanawa. An yi musu alkawarin fansho da aikin yi. Da suka dawo gida sai suka tarar da tsadar kaya da rashin aiki, alkawari kuwa shiru. Mutanen gari sun yi murnar dawowarsu, amma kaɗan ne suka fahimci abin da suka gani a dazuzzukan Bama.

Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka fito a Akra ba tare da makami ba, da nufin miƙa takardar koke ga Gwamna Gerald Creasy a fadar Christiansborg. 'Yan sanda suka tare su a mararraba. Wani hafsan 'yan sanda Bature, Colin Imray, ya buɗe wuta, aka kashe mutum uku: Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey.

Sai a wannan rana farar hula suka ɗauki kukan sojojin a matsayin nasu. Tarzoma ta ɓarke, ta bazu zuwa wasu garuruwa. Gwamnati ta kama shugabannin siyasa shida, ciki har da Kwame Nkrumah da J. B. Danquah. Kwamitin Watson da ya binciki lamarin ya ba da shawarar a sake tsarin mulki, kuma wannan hanya ce ta kai ga 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957.

A yau, kowace ranar 28 ga Fabrairu ana yin fareti a wannan mararraba, a ajiye furanni. Babban barikin Akra kuma yana ɗauke da sunan Bama.

A taƙaice, godiya iri biyu ce a nan: ta biki da ta cika alkawari. Hausawa na cewa alkawari kaya ne. Waɗannan mutum uku sun samu ta farko bayan ransu, alhali ta biyu ce suka fito nema.