Chips Rafferty: Fuskar Ostireliya da Baƙi Suka Zaɓa

Daga 1940 zuwa 1971, idan kamfanin fim na Ingila ko na Amurka ya sauka a Ostireliya yana neman wanda zai fito a matsayin ɗan ƙasa na asali, sau da yawa suna ɗaya ake ba shi, wato Chips Rafferty. Dogo ne siriri, mai tsinin fuska da jan magana irin ta mutanen daji, kuma a haka tarihin fim ya ajiye shi. Hujjar da wannan maƙala za ta kafa ita ce, wannan siffa da ta ciyar da shi ita ce kuma ta ɗaure shi, kuma aikinsa mafi nauyi yana wurare biyu da ba a cika waiwaya ba: shekarun da ya yi yana shirya fim da kuɗinsa, da fitowarsa ta ƙarshe a fim.

Sunansa na yanka John William Pilbean Goffage. An haife shi ranar 26 ga Maris 1909 a Broken Hill, garin haƙar azurfa da dalma a yammacin jihar New South Wales. Kafin ya san kyamara ya yi korar shanu, ya yi askin tumaki, ya yi haƙar duwatsu masu daraja. Sai da ya kai shekara 30 ya shiga fim. A 1940 Charles Chauvel ya sa shi a Forty Thousand Horsemen, labarin mahaya dawakin Ostireliya da suka yi yaƙi a Falasɗinu lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Ya shiga rundunar sojan sama a 1941, aka kuma ba shi dama ya fito a The Rats of Tobruk na 1944 tare da Peter Finch.

Fim ɗin da ya yanke masa rigar da zai sa har tsufa shi ne The Overlanders na 1946. Kamfanin Ealing na Landan ne ya shirya shi, daraktansa kuma Harry Watt, ɗan Sikotlan da ya ƙware a finafinan gaskiya. Labarin ya faru ne a 1942, lokacin da ake fargabar Japan za ta mamaye arewacin ƙasar. Dan McAlpine, wanda Rafferty ya fito a matsayinsa, ya ƙi a harbe shanu don gudun kada su faɗa hannun abokan gaba, sai ya koro garken daga Wyndham ya ratsa ƙasar zuwa Queensland. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai a gida da Ingila. Amma a lura da wanda ya yi zaɓen. Galibin mutanen Ostireliya a biranen gaɓar teku suke zaune, Sidni da Melbon da makamantansu, tun a wancan zamani. Makiyayin da ke kan doki cikin ƙura shi ne abin da mai kallo a Landan yake son gani, sai 'yan ƙasa su ma suka karɓe shi don yana faranta musu rai. Akwai kuma abin da hoton ya rage wa ƙarfi. Babban kaso na aikin kiwo a arewacin ƙasar 'yan asalin nahiyar ne, baƙar fata, suke yin sa, amma a fim ɗin masu taimako ne a gefen jarumi. Bitter Springs na 1950 ya ɗan taɓo rikicin Turawa 'yan kama wuri zauna da masu ƙasa a kan mashayar ruwa, sai dai ya rufe da sulhu mai arha.

Da Ealing ta gwada cire masa wannan riga, abin bai yi kyau ba. A Eureka Stockade na 1949 an ba shi matsayin Peter Lalor, ɗan Ailan mai ilimin injiniya da ya jagoranci boren masu haƙar zinare a Ballarat a 1854. Rafferty bai dace da wurin ba, fim ɗin kuma bai yi kasuwa ba. Daga nan ne ra'ayin nan ya samu gindin zama, cewa shi ba ɗan wasa ba ne, kansa kawai yake nunawa. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, domin muryarsa da tafiyarsa ba sa sauyawa daga fim zuwa fim. Amma fim ɗaya da aka yi kuskuren rabon matsayi a cikinsa bai isa a yanke wa mutum hukunci ba.

A shekarun 1950 masana'antar fim ta Ostireliya ta kusa mutuwa. Gidajen sinima sun cika da kayan Amurka da Ingila, gwamnati ta taƙaita tara jari don shirya fim, talabijin kuma ya iso a 1956. Ɗan wasa Peter Finch ya riga ya tafi Landan, takwaransa Rod Taylor ya tafi Amurka. Rafferty kuwa ya haɗa kai da darakta Lee Robinson suka shiga shiryawa da kansu, ƙawancen da ya zama kamfanin Southern International. Sun fitar da The Phantom Stockman a 1953, da King of the Coral Sea a 1954, wanda a ciki ne Taylor ya fara fitowa a babban fim, da Walk into Paradise a 1956, da suka ɗauka a Niyu Gini tare da Faransawa. Ba finafinai ne na a-zo-a-gani ba, kuma babu amfanin a yi musu kwalliyar da ba su da ita. Muhimmancinsu shi ne sun ba masu kyamara da masu tacewa da 'yan wasa aikin yi a shekarun da kusan babu mai shirya fim ɗin gida. Finafinan da suka biyo baya sun faɗi, kamfanin ya durƙushe, Rafferty ya fita da bashi. Doguwar ɗaukar Mutiny on the Bounty na 1962 a Tahiti, inda ya fito a makaho mai goge a gefen Marlon Brando, ita ta taimaka masa ya miƙe. Bayan nan sai ƙananan matsayi a talabijin ɗin Amurka, har da wani fim na Elvis Presley a 1967.

Sai Wake in Fright na 1971, wanda Ted Kotcheff ɗan Kanada ya ɗauka a Broken Hill, mahaifar Rafferty. Wani malamin makaranta ya yada zango a garin da ake kira Yabba da niyyar kwana ɗaya, ya faɗa caca da giya har ya rasa kuɗinsa da mutuncinsa. Wanda ya fara jan sa ciki shi ne Jock Crawford, ɗan sandan garin, kuma Rafferty ne. Murmushin nan ne na Dan McAlpine, da karamcin, da jan maganar, amma yanzu karamcin tilas ne: idan an saya maka giya dole ka shanye, ka kuma rama. Rafferty bai sauya komai a jikinsa ba, ya dai bar mai kallo ya hango barazanar da ke ƙarƙashin fara'ar. Mai nuna kansa kawai ba zai iya wannan ba, sai wanda ya san siffar ciki da waje har ya gane inda take ciwo. Gaskiya ne a nan ma baƙo ne darakta. Bambancin shi ne wannan karon ba a zo sayar da ƙasar ba.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Ciwon zuciya ya kashe shi a Sidni ranar 27 ga Mayu 1971 yana da shekara 62, watanni kaɗan bayan an ba shi lambar girmamawa ta MBE, shekara guda kuma bayan gwamnatin John Gorton ta kafa hukumar zuba kuɗi a finafinan gida, irin tallafin da shi da Robinson ba su samu ba. Mai nazarin da ke son auna Rafferty ya kalli The Overlanders da Wake in Fright a jere, sannan ya bincika tarihin Southern International kafin ya yanke hukunci.