Ƙugiyar Harafi, Daga Keken Rubutu Zuwa Kwamfuta

A shekarar 1966 taron UNESCO na Bamako ya tabbatar wa Hausa haruffanta masu ƙugiya: ɓ, ɗ da ƙ. Sai dai keken rubutun da Nijar ta gada daga Faransa bai san da su ba. Ko bayan buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, mai buga takarda kan ƙara ƙugiyar da alƙalami. In ya manta, "ƙasa" ta koma "kasa", "baƙi" ya zama "baki".

A 1999 ma'aikatar ilimi ta daidaita ƙa'idar rubutun Hausa, har da ƴ. Tsarin Unicode kuma ya ba kowane harafi lambarsa, kwamfuta ta karɓe su. Amma madannan AZERTY ba su ɗauke da su, don haka ɗalibin makarantar horon malamai da ke koyon Word sai ya koyi zaƙulo su. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, wannan sani ya wajaba a kan malamin Gangara ta Damargu, domin abin da ya buga shi yara za su kwafa.